Bashar Anoba da Ragunan Gari Uku

A Sabon Garin Gusau in ka ce kana neman Bashar direba, sai a tambaye ka wanne daga ciki. In ka ce Bashar Anoba kuwa, ko akuyar da ke kwance bakin kwata ta san teburin mai shayin da yake zama.

Ga inda sunan ya samo asali. Wata shekara wata Dakta ta zo daga jami'a da ɗalibanta suna binciken amfanin gona, suka ɗauke shi tuƙi na damina ɗaya. Shi yana riƙe da sitiyari, su suna gardama a baya, shi ko ya baza kunne kamar zomo. Da aikin ya ƙare mota ta koma inda ta fito, ta bar Bashar da ƙafafunsa biyu, da wata manhajar lissafi da wani ɗalibi ya saka masa a waya don ya huta da nacinsa, da 'yan kalmomin boko da yake yawo da su yana tsorata jama'a.

"Ilimin ƙididdiga kamar zabirar wanzami yake," haka yake gaya wa 'yan shayi kullum. "Kowane aiki da askarsa. In rukuni biyu za ka gwada, sai ti-tes. In uku ne ko fiye, sai anoba. In ƙirge za ka yi, nawa sunka warke nawa sunka mace, sai kai-sikwaya. In kuma lambobin sun karkace, akwai wani gwaji mai dogon suna, wanga ba a faɗinsa a bainar jama'a."

"Ba ka iya faɗinsa ba dai," in ji Labbo mahauci, wanda tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da an zolayi juna ba.

"Labbo, mutumin da pi ɗinsa ya haura sifili da ɗigo biyar bai sa baki cikin maganar masana."

Labbo ya rasa ko zagi ne ko yabo, ya dai ce, "Kai ne shi," don kada a bar shi a baya.

Ana nan sai rikici ya tashi a ƙungiyar masu turka raguna. Shugabanta Alhaji Ashiru ya kawo shawarar a haɗa hannu a sayi abincin dabbobi iri ɗaya da yawa, a raba wa kowa kafin lokacin layya. Shawara ta yi kyau, sai dai wane iri? Mutanen garin Wanke ta ƙasar Gusau suka ce harawar wake, kakanninsu ma da ita suka yi kiwo. Mutanen Bilbis ta ƙasar Tsafe suka ce dusar dawa da 'yar kanwa. Mutanen Bungudu suka ce duk wanda bai ba rago angurya ba, azumi yake sa shi. An yi zama an tashi baram-baram, an sake zama har wani ya jefi wani da buta. Alhaji Ashiru ya gaji. Ya sa aka turo sabon mashin na ƙungiya, ja zur, ko ledar kujerarsa ba a ɓare ba, ya ce duk wanda ya raba gardamar nan da hujjar da kowa zai yarda, shi ne jami'in zagayen ƙungiya, kuma mashin na hannunsa.

Bashar ya kalli mashin, mashin ya kalle shi. Shekara nawa yana ɗosana ɗuwawu a bayan mashin ɗin wasu, ana sauke shi inda aka ga dama! Bai san sa'ad da ya miƙe ba.

"Alhaji, a ajiye min makulli wuri mai kyau. Wanga aikin ƙididdiga ne, ni kuwa a bakinta anka yanke min cibiya."

Da ya je gida ya tarar da matarsa Sadiya tana tankaɗe, ya ce ta fara koyon zaman bayan mashin, gefe ɗaya, irin na matan manya.

"Malam, kai da ko kaza ba ka taɓa turkawa ba?"

"Likita ma bai taɓa haihuwa ba, amma shi ke karɓarta."

Ya zauna ya buɗe manhaja. Ya manta, abin nan gurbi biyu kacal gare shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ti-tes kaɗai ya iya. Garuruwa kuwa uku ne, aikin anoba ke nan, shi kuwa abin da ya sani game da anoba bai wuce sunanta ba. Ya juya wayar a kwance, gurbi biyu. Ya kife ta ya girgiza, gurbi biyu.

Amma Bashar ba ya rasa dabara. In gurbi ya ƙi zama uku, ai gari na iya zama biyu. Ya sami Mas'udu, jagoran mutanen Wanke, ya ce kimiyya ta buƙaci su haɗe da Bungudu su zama rukuni ɗaya.

"Mu haɗe da masu cin angurya?" in ji Mas'udu. "Ragunansu fa in sunka yi atishawa zare ke fita. Allah shi kiyaye."

Ya sami Sama'ila na Bilbis, ya ce ko za su yi haƙuri su janye bana, baɗi a fara da su. Sama'ila ya sunkuya yana laluben sandarsa. Bashar ya ce wasa yake.

Daga nan ya yanke shawara za a yi kamar gasar ƙwallo, biyu-biyu, kowa ya karɓi baƙi sau ɗaya, ya je baƙunci sau ɗaya. Ya tuna sarai Dakta ta taɓa jifan wani ɗalibi da murfin biro kan irin wannan. Ta ce wanda ya yayyanka rukuni uku yana ta maimaita ti-tes kamar mai ta jefa ƙuri'a ne, ko ba komai wata rana sai ta faɗo masa. To amma Dakta tana da mota, ba ta san zafin rashin mashin ba.

Alhaji Ashiru ya ba da aron sikelinsa na awon auduga, mai faffaɗan faranti da allura kamar ta agogo. Aka ɗora shi a kan a-kori-kura sai Tsafe, inda Bilbis za ta karɓi Wanke.

Matsala ta farko, rago bai san darajar sikeli ba. Na farko da aka ɗora ya yi tsalle ya faɗa cikin tiren mai ƙosai. Na biyu ya tsaya, amma da ƙafa biyu kawai. Na uku ya tsaya da huɗu, ya yi abin da ya kawo shi a kan farantin, ya sauka abinsa.

"Furofesa, ko a yanka maka su tukuna?" in ji Labbo, wanda ya biyo motar don kada a ba shi labari. "Nama bai gardama."

"Jahilci dai bai yi ba," in ji Bashar. Ya tuɓe takalmi ya hau sikeli shi kaɗai. Allura ta ɗan motsa kamar tana jin kunya, don a lokacin Bashar siriri ne kamar sillen kara. "Kowa ya gani, kilo sittin. Yanzu zan riƙa rungumar rago ina hawa da shi. Abin da allura ta nuna, a cire sittin, saura na rago ne. Ni sau ɗaya ake auna ni, don masani bai canzawa."

Jama'a suka yi kabbara. Kai, har Labbo sai da ya gyaɗa kai.

Bisa al'ada baƙo ake fara sallama, don haka ragunan Wanke aka auna da hantsi. Bashar ya rungumi wannan ya sauke, ya rungumi wancan ya sha ƙaho a haƙarƙari, yana zuba lambobi a gurbin hagu. Ana gamawa aka kira azahar. Ana idar da salla Inna Talatu, mahaifiyar Sama'ila, ta aiko da akushin tuwon dawa miyar kuka, man shanu na yawo a kai, da ƙwaryar fura wadda sai da mutum biyu suka kamo ta.

"Inna, aiki nike, kaɗan zan taɓa."

"Ɗan nan, ka zo ƙasarmu ka bar loma a akushi? To ka zage mu, ka zagi iyayenmu. Ci, ka ga wuyanka kamar mariƙin lema."

Bashar ya ci don kare mutuncin iyayen Bilbis. Ya sha fura don kare na kakanninsu. Da zai tashi Inna Talatu ta cika masa aljihu biyu da dafaffen dankali, wai tsarabar Sadiya. Ya koma kan sikeli yana nishi, ya fara rungumar ragunan masu gida, yana cire sittin.

Ikon Allah! Ragunan Bilbis a ido ba su fi na Wanke ba, amma allura sai tashi take. Har wani ɗan gurgun rago mai tari ya ba babban ragon Mas'udu ratar da ba a zata ba. Bashar ya danna waya, ya ɗaga ta sama.

"Pi ya ƙanƙance! Ku sani, pi shi ne alƙali. In ya yi girma, dace ne kawai. In ya ƙanƙance, bambancin na gaskiya ne. Wanga kuwa ko da tabarau da kyar ake ganinsa. Dusa ta kayar da harawa!"

Mutanen Bilbis suka ɗauki ɗan gurgun rago a kafaɗa suna zagaya fili. Mas'udu ya tsaya yana kallon ragonsa, yana kallon Bashar, yana kallon aljihun Bashar. A gefe guda kuma Malam Idris, jagoran Bungudu, wanda ya zo kallo kawai, yana shafa gemu yana murmushi shi kaɗai.

Zagaye na biyu a Bungudu, Bilbis ce baƙuwa. Aka auna ragunan Sama'ila da safe, Bashar ko karin kumallo bai yi ba, don Malam Idris ya aiko tun jiya cewa kada ya ɓata cikinsa. Da rana ta take aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mangwaro. Dambu ya zo. Hoce ya zo. Farfesun kifin gulbi ya zo da kansa da jelarsa. Bashar ya ce ya ƙoshi, aka ce ai wancan buɗe-baki ne, ga tuwon shinkafa nan tafe.

"Malam Idris, wallahi ba wuri."

"Ashe tuwon Tsafe ya fi namu albarka ke nan? To ba komai, a kwashe, a gaya wa mata baƙo ya raina hannunsu."

"A'a, a'a, a ajiye!"

Da ya gama sai Malam Idris ya shiga gida ya fito da wata babbar riga ta saƙi, mai kauri kamar bargo uku, aiki tun daga wuya har gwiwa. Ya ce ta kakansa ce, an yi wasiyya kada a ba kowa sai masani. Aka taru aka zura wa Bashar, gwiwoyinsa suka ɗan lanƙwashe. Ya so ya ajiye ta sai an gama awo, aka ce ba a tuɓe kyautar riga a gaban wanda ya bayar. Ya hau sikeli yana ɗigar zufa kamar randa sabuwa.

Ana tsakar awo Sama'ila ya yi kururuwa. "Tsaya! Wanga baƙin rago ai nawa ne! Da safe ka auna shi cikin na Bilbis, bayan nan na sayar wa Idris shi. Ya anka yi ya ƙara kilo takwas kafin la'asar?"

Bashar ya dubi ragon da ke hannunsa, ya dubi allura, idonsa ya cika da ƙwalla don mamakin ilimi.

"Jama'a, kun ga angurya? Wuni ɗaya! Wanga shi ake kira gwajin kafin da bayan. Ko Dakta ba ta taɓa samun irinsa ba."

Pi ya sake ƙanƙancewa, Bungudu ta kayar da Bilbis. Sama'ila ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna akushin Inna Talatu, ya rufe.

Zagaye na uku a Gusau, Wanke ce mai masauki, Bungudu baƙuwa. Malam Idris ya nemi a fara da masu gida ko sau ɗaya, Mas'udu ya ce subhanallahi, a ce mutanen Wanke sun shiga gaban baƙo? Aka auna na Bungudu da safe. Da rana Wanke ta nuna ba raguna kaɗai take ciyarwa da wake ba: ɗanwake, alala, shinkafa da wake, ƙosai, sai tulun kunun zaƙi na rakiya. Aka sa shi ya mayar da rigar kakan Malam Idris don girmama baƙi, aka cika aljihunta da ƙwan zabi. Daga ƙarshe Mas'udu ya fito da wata laya ɗinkin fata, girmanta ya kai bulo, ya rataya masa a wuya.

"Maganin ƙahon rago ce, Furofesa. Ba a cire ta sai bayan Salla."

"Tana da nauyi fa," in ji Bashar, kansa ya sunkuya.

"Addu'o'in ciki ne sunka yi yawa."

Wanke ta kayar da Bungudu, pi kuwa ya ƙanƙance har wayar ta rasa inda za ta sa sifili.

Ranar bayyana sakamako aka taru a kara, wato kasuwar dabbobi, tsakiyar masu saye da masu sayarwa. An kawo raguna daga garuruwan uku, an kafa sikeli, an goge mashin an jingine shi a inuwa. Sadiya ta zo da sabon mayafi, ta tsaya inda za ta fi jin daɗin hawa. Bashar ya iso cikin rigar saƙi da laya, yana tafiya kamar amalanken da aka yi wa lodi fiye da kima.

Alhaji Ashiru ya ce, "To Malam Bashar, mi za mu saya?"

Bashar ya gyara murya. "Bincike ya tabbatar, ba tare da kokwanto ba, ragunan Bilbis sun fi na Wanke ƙiba."

Bilbis ta yi sowa.

"Na Bungudu sun fi na Bilbis."

Bungudu ta yi sowa.

"Na Wanke kuma sun fi na Bungudu."

Wanke ta fara sowa, sai ta tsaya a tsakiya. Wani rago ya yi kuka can baya. Alhaji Ashiru ya ɗaga yatsu yana lanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya, ya saki, ya sake.

"Dakata. Na Wanke ya fi na Bungudu. Na Bungudu ya fi na Bilbis. Na Bilbis ya fi na Wanke. Malam Bashar, ashe ragon Wanke ya fi kansa ƙiba ke nan?"

"A kimiyya yana faruwa, Alhaji."

"To ni kuma a kasuwa mi zan ce wa mai kaya? Ba ni abincin da ya fi kansa?"

"Ni dai," in ji Labbo, "kullum a teburin shayi ina jin wani masani na cewa in abu uku ne sai anoba. Har sunan ya bi shi. Ko ya yi tafiya ne?"

Bashar ya ji zufa ta gangaro masa har cikin laya. Ya saci kallon mashin. "Ai da ma ita nike shirin yi. Waɗancan share fage ne. Anoba ba a yinta sai gaban taro irin wanga. Yanzu za a sake awo, duk gari uku a zama ɗaya."

Bai rufe baki ba fili ya hargitse. Ta gabas Inna Talatu ta ɓullo da akushi a ka, mata na biye da ƙoren fura. Ta yamma ga mutanen Bungudu da tukunyar dambu sun rataya a sanda. Ta kudu ga ɗanwake cikin baho. Ashe kowa da shirinsa ya zo.

"Namu zai ci tukuna, sannan a auna namu!"

"Wallahi sai dai ya ci naku a auna namu!"

"A fara auna baƙi!"

"Yau kowa baƙo ne, kara ba gidan uban wani ba ce!"

Alhaji Ashiru ya buga sanda a ƙasa. "Wai mi ke faruwa? Walima munka zo ko awo?"

"Alhaji, kai kaɗai ba ka sani ba," in ji Sama'ila. "Ai tun daga Tsafe an bar kiwon rago, an koma kiwon mai awo. Sittin yake cirewa har gobe, ko da ya haɗiye saniya."

"Ƙarya ne!" in ji Bashar. "Masani bai canzawa!"

"Malam, ka ji tsoron Allah," in ji Sadiya daga gefen mashin. "Wandon da ke jikinka sai da na tsaga zanena na ƙara masa ƙyalle. Kujerar tsakar gida kuwa tun shekaranjiya ta zama itacen girki."

Dariya ta ɓarke har dillalai suka bar ciniki suka matso. Alhaji Ashiru ya sa hannu ya zare makulli daga jikin mashin, ya nufi aljihu da shi. Bashar ya ga abin duniya na shirin kuɓuce masa, sai wata dabara ta faɗo masa, irin wadda ba ta zuwa sai ga wanda ƙaddara ta riga ta kama.

"Alhaji, tsaya! Wagga matsala ai ita anoba ke magani. Sirrinta shi ne ba na farko ba na ƙarshe, duk a lokaci ɗaya. Zan ci na kowa tare, in ɗauki na kowa tare. Wa zai ce an cuce shi?"

Aka dubi juna. Ba wanda ya gane, amma ba wanda ke son a fasa. Aka jera kwanuka uku a gabansa, loma daga dama, loma daga hagu, loma daga tsakiya, kowane gari ya sa mutum yana lura kada a yi masa ƙwange. Da ya kai inda ko ruwa ba zai wuce ba, aka kama shi aka tsayar a kan sikeli. Aka miƙo zakaran gwajin Bilbis ya maƙale a hammatar dama, na Bungudu a ta hagu, aka ɗaga na Wanke aka saɓa masa a wuya bisa laya. Allura ta zagaya ta wuce duk inda ta saba zuwa, ta tsaya tana karkarwa.

"A karanta!" in ji Bashar, murya na fita da kyar daga ƙarƙashin cikin rago. "Da sauri!"

Alhaji Ashiru ya leƙa. "Na karanta. Lamba ɗaya na gani. Ta wane gari ce?"

"Ta... ta kowa ce."

"To wa ya ci?"

Ragon dama ya waiga ya ga ragon hagu, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ba ta wuce faɗin tumbin Bashar ba. Kowanne ya ja kai baya iyakar iyawarsa. Suka haɗu a tsakiya, gaf! Tumbi ya shiga tsakani ya karɓi rabonsa, ƙwan zabin da aka manta a aljihu tun ranar Wanke ya fashe, wani wari ya tashi wanda ya sa ragon wuya ya yanke shawarar sauka ta kan fuskar mai ɗauke da shi. Tazuge ya ce ɗas. Igiyar laya ta tsinke, laya ta faɗo kan babban yatsan Labbo, fata ta yage, sai ga ɗan dutsen niƙa yana gangarawa.

"Wayyo ƙafata! Mas'udu, wagga wace sura ce?"

Bashar ya yi baya, sikeli ya yi gaba, farantin ya wuntsila ya watsa sauran dambu kan mutanen Bilbis. Raguna uku suka ratsa kara a guje, na sauran jama'a suka tsinke igiya suka bi su, masu su na biye suna kiran sunan Allah. Masanin ƙididdiga kuwa yana kwance rigingine cikin rigar kakan Malam Idris, hannu ɗaya riƙe da wando, ɗaya riƙe da waya.

Sai da aka kamo raguna aka sa wa Labbo tsumma a yatsa, sannan Alhaji Ashiru ya tsaya a kansa.

"Malam Bashar, ni ban yi boko ba, amma na ga abu ɗaya da ya yi ƙiba a binciken nan, kuma ba rago ba ne. Ba zan ce na hana ka mashin ba. Ranar da ka hau sikeli ya nuna sittin ɗin da kake cirewa, ka zo mu sake zama. Kafin nan ka taka da ƙafarka, Wanke, Bilbis, Bungudu, ka ba kowa haƙuri. Tafiyar ma magani ce."

Ya jefa makulli a aljihu, ya sa aka tura mashin cikin sito aka datse.

Bashar ya ɗago kai, ɗan haske ya dawo masa a ido. "Sittin? Abu mai sauƙi. Alhaji, kada ka bari ledar kujera ta yi ƙura."

"Allah shi kawo ka lafiya, ɗan nan," in ji Inna Talatu tana kakkaɓe akushi. "Ka dai aiko kafin ka taso, in jiƙa dawa. Ba a zuwa Bilbis a koma da yunwa."

"Mu ma ba za a ji kunyarmu ba," in ji Malam Idris.

"Wake sai wanda ka zaɓa," in ji Mas'udu.

Sadiya ta ninke sabon mayafinta, ta tsinci wata igiyar rago a ƙasa ta ɗaure masa wando da ita, ta riƙe bakin igiyar ta ja shi suka nufi ƙofar kara. Suna gab da fita wani baƙon dillali da bai san abin da aka yi ba ya matso, ya danna bayan Bashar da yatsa yadda ake danna gadon bayan rago, ya jinjina kai.

"Hajiya, da mi kike ba shi?"

"Harawa, da dusa, da angurya," in ji Sadiya ba tare da ta waiga ba. "Kuma ba na sayarwa ba ne, ni anka bar wa shi."